Kundin shirin karatun Magana Jari Ce da yaran unguwarmu a Argungu

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau aka tsayar da magana. Ƙungiyarmu ta masu karatu za ta jingine littattafan manya zuwa wani lokaci, mu zauna da yaran unguwa mu karanta Magana Jari Ce tun daga littafi na ɗaya har na uku. Ni aka ɗora wa rubuta abin da ake ciki, don kada bayan wata biyu kowa ya zo yana cewa ba haka aka yi da shi ba.

Sai da aka ja kafin a kai nan. Autanmu, wanda bai daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, ya so a ɗauko littattafan nan bakwai na Ingila, wato Harry Potter, na yaron da aka kai makarantar koyon sihiri. Ya ce yara sun riga sun ga fim ɗin a waya, kuma Turancinsu zai ƙaru. Ba don sihirin aka ƙi tasa ba, ai namu ɗin ma ga aljanu nan, ga bokaye, ga tsuntsu mai magana har da riƙe sarauta. Lissafi ne ya kayar da shi. Huɗu na ƙarshe kowanne ya haura shafi 600, kuma ɗan aji huɗu a firamaren gwamnati ba zai haye shafi ɗaya ba sai an tsaya an fassara masa layi-layi. In haka ne tafintoci za mu koma.

Baba Malam, wanda ya daɗe yana hedimasta kafin ya ajiye aiki, shi ya rufe zancen. Ya ce, "Ɗiyan ga ku hwara ba su abin da kunnensu ka ɗauka. Turanci na nan, ba ya gudu."

Ga abin da ya kamata duk mai karanta wa yara ya riƙe game da littafin. Abubakar Imam ne ya rubuta shi, haifaffen Kagara a 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja. Rupert East, Baturen da ke kula da aikin talifi a Zariya, ya yaba da hannunsa, ya nemi aronsa, ya zo Zariya a 1936 ya yi wajen wata shida yana wannan aiki. Na ɗaya ya fito a 1937, sauran biyun suka biyo baya. Wato ɗan shekara 25 ne ya rubuta abin da iyayenmu suka karanta a elementare. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Sa rana ya fi zaɓen littafi wuya. Safiyar Asabar da Lahadi ta Islamiyya ce, ba mai taɓa ta. Yammacin sauran ranaku na makarantar allo ne. Ya rage Alhamis da Juma'a, da allo ke hutu tun kaka da kakanni, ita kuwa Juma'a ranar ziyara ce da kitso. Don haka Alhamis, daga idar da sallar la'asar zuwa dab da magariba.

An ba mu aron aji a wata makaranta, muka yi godiya muka ce a'a. Yaro in ya shiga aji ya zauna a benci, jiran tambaya yake da bulala, ko babu su. Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ba mu ƙofar gidanta, gindin dogon yaro, da zaure in iska ta taso. Ta dai yi mana tsiya: "Yaushe anka hwara tatsuniya da rana? Mu da muna ƙanana sai an ci tuwon dare, in ba haka ba a ce ka ɓata." Na ce, "Inna, wannan a littafi take." Ta ce to, in wani ya ɓata ni zan nemo shi.

Da dare ne ya fi dacewa, wannan gaskiyarta ce. Sai dai ba uwar da za ta saki 'yarta bayan isha'i a yanzu, kuma ba mu son zaman ya zama na maza zalla.

Asabar, 19 ga Oktoba

Littattafai. Baba Malam ya fito da nasa daga akwati, bugun NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, bangon ya tafi amma ciki lafiya lau, har da zane-zanen. A nan gari na ɗaya kaɗai muka samu. Wani daga cikinmu da ya je Sakkwato ya zo da saiti biyu, da muka buɗe sai muka ga ɗaya bugun sata ne: tawada ta dushe, ƙugiyar ƙ da ɗ ta cushe ba a bambance su da k da d, kuma wasu shafuka sun maimaitu, wasu babu. An mayar. Duk wanda za a aika nan gaba ya buɗe tsakiyar littafin a gaban mai shago ya bi lambobin shafi.

Akwai kwafin littafin mai yawo a waya, an turo mana har a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ba za mu yi aiki da shi ba. Littafi yana da masu haƙƙi, sannan in mai karatu ya riƙe waya, wayar yara za su kalla.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na gama bin littattafan uku daga bango zuwa bango, abin da na gani kuma ya jawo doguwar gardama tsakanina da Malama, mai koyar da Hausa a sakandare.

Shawararta ita ce a tsinto labarai masu daɗi ashirin ko talatin daga cikin ukun, kowane zama a karanta ɗaya, a yi tambayoyi biyar a kai, a fitar da darasi. Haka ake yi a aji, kuma tana da hujja: lokaci kaɗan ne, labaran sun fi 80. Amma yin haka kamar a tsince kifi daga miya ne a zubar da romon. Yawancinmu labarai ɗai-ɗai muke tunawa, su Sahoro da Sahorama, su Kalala da Kalalatu, mun manta cewa kowane labari akwai wanda ya faɗe shi, akwai wanda aka faɗa wa, akwai kuma dalilin faɗar. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri na son ganin bayan yaron. Kullum dare Musa zai yi shiri ya bi rundunar, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ran yaro ake tsarewa da labaran nan. Wanda ya san haka da kunne biyu yake sauraro, ɗaya na bin wautar Sahoro, ɗaya na jiran ko asuba za ta yi kafin zancen akun ya ƙare. In aka tsinto labarin shi kaɗai, kunne ɗaya ya tashi a banza.

Ba Imam ya ƙago wannan dabara ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Tsohon gini ne daga Indiya, labarai 70 na wani aku da ke hana matar ubangidansa fita da dare wajen wani namiji yayin da mijin ya yi tafiya. A ƙarni na 14 aka mayar da shi Farisanci. A can tsuntsu biyu ne a gidan: ta farko ta fito fili ta ce wa matar abin da za ta yi bai dace ba, matar ta kashe ta, shi kuwa aku da ya ga haka sai ya riƙa cewa ki tafi mana, amma tsaya ki ji wannan tukuna. Duk mai renon yaro ɗan shekara goma ya san wanne ne cikin tsuntsayen nan biyu ke samun biyan bukata. Imam ya ɗauki ginin, ya cire matar aure ya sa ɗan sarki, ya cire kwartanci ya sa yaƙi da makircin fada, sai ya zama abin da za ka karanta wa 'yarka ba ka sunkuyar da kai ba.

Haka ya yi da labaran ciki. East ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka fara bugawa a 1812. Labarin Sarkin Busa asalinsa na garin Hamelin ne a Jamus. Kalalatu mai cinye kajin baƙo, a wajen su Grimm mai dafa wa wani abinci ce, Imam ya mai da ita matar gida. Autanmu da ya ji haka ya washe baki ya ce, "Ashe dai littafin Turawan muka ɗauko." Na miƙa masa na ce ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya nuna mini inda Baturen yake zaune. Bai nuna ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ukun suka hau juna. A na ɗaya aku na faɗa, yaro na sauraro. A na biyu akun ya zama Waziri, ya kara da wani aku, Haziƙ, na Sarkin Sirika, wannan ya kawo labari wancan ya mayar. A na uku Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Sauraro, sai gasa, sai koyon yi da kai. Na ce wa 'yan ƙungiya ba mu da bukatar ƙirƙiro wani tsari, marubucin ya riga ya shimfiɗa mana. A littafi na ɗaya manya su karanta, yara su ji. A na biyu a raba yaran gida biyu su riƙa karanta wa juna. A na uku kowane yaro ya zo da labarin da zai ba da da bakinsa.

Malama ta yarda, amma da sharaɗi: kowane yaro ya zo da ɗan littafin rubutu, a ƙarshen zama ya rubuta karin magana ko baƙuwar kalma ɗaya da ya ji. Sharaɗi ne mai kyau. Ni ma na kafa nawa: ba wanda zai tambayi yaro mene ne darasin wannan labari. Da yawa cikin labaran da karin magana aka yi musu suna, akun da kansa ya riga ya faɗi abin da zai faɗa. In muka sake tsare yaro da tambayar, zai koyi amsar da ke faranta wa malam rai ne kawai, a ce haƙuri, a ce gaskiya, ko bai saurara ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wani magidanci, masunci ne, ya tare ni bayan azahar. "Malam, an ce man littahin aljannu da bokaye za ku karanta ma ɗiyana." Na ce akwai su a ciki, ba zan ɓoye masa ba, amma mu je wajen Liman ya ji daga bakinsa.

Ashe Liman ya karanta shi tun yana yaro, har yana tuna wasu wurare. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da mu." Ya saurara, ya ce wa mutumin tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba, yaro ma ya san ba hadisi aka karanta masa ba, ƙaryar da ake tsoro ita ce wadda aka naɗa wa rawani. Shi abu biyu ya nema: a tashi kafin kiran magariba, kuma maza da mata kowa da tabarmarsa. Mutumin ya ce zai zo ya zauna a zaman farko ya ji da kunnensa. Mun ce bismilla, ƙofa a buɗe take ga kowane uba da kowace uwa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Gwaji tsakaninmu manya, kowa ya karanta shafi biyu da ƙarfi. Abin dariya, abin takaici. Waɗanda suka fi zurfin boko su suka fi tuntuɓe. Ido ya saba da Turanci, sai mutum ya kai tsakiyar jimla sannan ya gane da wace murya ya kamata ya fara ta. Hausa ba a rubuta mata karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke sa su, don haka dole idonsa ya riga bakinsa. Ga jimlolin Imam dogaye, ga rubutun zamanin da, inda ake raba wasu kalmomin da yanzu ake haɗewa.

Baba Malam ya fi kowa. A hankali yake tafiya, yana canza murya, in Sarki zai yi magana sai ya ɗan yi shiru tukuna. Sai wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, ita muryar tsohuwa mai makirci ta fi zauna mata, har Inna ta leƙo daga cikin gida. Su biyu za su riƙe littafi na ɗaya, ni da Malama mu taimaka. Doka: ba mai karanta wa yara abin da bai karanta da ƙarfi a gida ba. Kuma a karanta yadda aka rubuta, kada a juya shi zuwa Kabanci ana tafe. In an rufe littafi an shiga hira, kowa ya yi harshen gidansu.

A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Cikin yaran da suka ba da suna, Malama ta gwada kaɗan, waɗanda ke karanta Hausa ba gargada ba su kai rabi ba. Wannan zai dame mu a littafi na biyu, amma ba yau ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Me za a tsallake? Yau ma an ɗau zafi.

Littafin ɗan zamaninsa ne. Akwai bayi da kuyangi ko'ina, ana saye ana kyauta da su. Akwai wuraren da ake mai da baƙauye ko wata ƙabila abin dariya. Akwai sare kai, akwai makircin mata da ya wuce kunnen ɗan shekara takwas. Wasunmu suka ce a bar komai yadda yake, mu ma haka muka karanta ba abin da ya same mu. Wasu suka ce a share duk abin da zai jawo tambaya.

Ra'ayina, wanda aka ɗauka bayan an sha musu, shi ne a raba abin gida biyu. Maganar bayi ba za a tsallake ba. Yaro zai tambaya, a gaya masa gaskiya: an yi bauta a ƙasar nan, kuma sai a 1936, shekarar da Imam ke zaune Zariya yana rubutun, aka yi dokar da ta soke ta gaba ɗaya a Arewa. Waɗanda suka fara karanta littafin sun san bayi ido da ido, wasu a gidajensu. Ɓoye wa yaro wannan ba tarbiyya ba ce.

Zolayar ƙabila kuwa daban ce, don a tabarmarmu akwai Bakabe, akwai Bafulatani, akwai Bazabarme, akwai ɗan Zuru da aiki ya kawo ubansa. Manya sun san wasan taubasai, sun san iyakarsa. Yara ba su sani ba, abin da aka yi wa dariya ranar Alhamis shi za a kira yaro da shi ranar Litinin a makaranta. Irin waɗannan wurare mai karatu zai sa musu alama da fensir tun a gida, ya ce wani mutum, ya wuce. In labarin gaba ɗaya a kan zolayar ya tsaya, a ajiye shi, a gaya wa yara cewa an ajiye wani dare sai sun ƙara girma. Ba za mu yi kamar babu shi ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Zaman farko. Yaro ashirin muka rubuta, 'yan shekara 8 zuwa 12, waɗanda suka zo sun fi ƙarfin tabarmin, ga ƙanne a goye. Masuncin nan ya zo ya zauna can gefe a kan turmi.

Baba Malam bai yi wani jawabi ba. Ya ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa, ya buɗe littafi. Shimfiɗar farko tana da tsawo, Sarki da rashin magaji, haihuwar Musa da Mahmudu jikan Sarki, baƙin cikin Waziri, ba wata dabba mai magana tukuna, kuma na ga ƙananan sun fara wasa da ƙasa. Manyan dai sun kafe. Da aka iso inda Balarabe ya shigo da aku, Baba ya rufe littafin ya cire tabarau. Ihu ya tashi. Wata yarinya ta ce, "Baba, don Allah ko layi guda!" Ya ce sai Alhamis.

Mun tashi da sauran lokaci kafin magariba. Masuncin bai ce komai ba, amma ya tambayi ƙarfe nawa ake farawa.

Gyara: 'yan ƙasa da shekara bakwai a ba su tabarmarsu a baya, da wata babba mai kula da su. A kawo randa, yara na tashi shan ruwa cikin gidan Inna suna katse karatu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mun shiga dararen aku. Tsarin zama ya daidaita: yaro ɗaya ya maimaita labarin makon jiya da bakinsa, sauran su cike masa abin da ya manta, sannan a karanta dare ɗaya, ko biyu in gajeru ne. Maimaitawar nan ta fi tambayoyi biyar nuna wanda ya saurara, kuma ba mai jin an tsare shi.

Na lura ba sa yarda a tsallake ɗan zancen da ke tsakanin labari da labari, inda Musa ke zuwa da shirinsa akun ya tare shi. Ma'aikaciyar jinyarmu ta so ta gajarta shi don lokaci, suka ce a'a, a karanta. Wani yaro ya tambaya, "Wai shi Musa bai gane wayo aka yi mai ba?" Kafin babba ya buɗe baki wata 'yar aji shida ta ce, "Ya gane mana. So shikai ya ji ƙarshe." Malama ta dube ni, na dubi dogon yaro.

Littattafan rubutun Malama suna aiki fiye da yadda na zata. Kalmomin fada da na yaƙi suka fi tarawa, su sulke, su kwalkwali, su lifidi, su zagi.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yankan shinkafa ya kwashe mana maza. Duk mai ɗan ƙarfi yana fadama, ko yanka ko bugu ko kai abinci, kuma ba wanda zai ce wa uba ya bar ɗansa ya zo jin labarin aku ana tsakar kaka. Wasu 'yan matan ma sai an kusa tashi suke isowa da farantin talla a ka. An kawo shawarar a dakata sai an gama. Ba mu dakata ba. An ɗora wa kowane mai zuwa ya kai wa maƙwabcinsa da bai zo ba labarin, ranar da wancan ya dawo shi zai maimaita a gaban jama'a, a ji ko saƙon ya isa lafiya. Wani ya dawo da labari yau an ƙara masa kura da babu ita a littafi. Baba Malam ya ce a bar kurar, amma a buɗe littafi a ji yadda marubucin ya yi nasa.

Sanyi ya sauko, ƙura ta yi yawa, mun koma zaure. Rana na saurin faɗuwa, zaure kuma da duhu, sai da aka kawo fitila mai caji.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Hutun makaranta ya ba mu damar ƙara zaman safiyar Talata, mun rage bashin da kaka ta jawo. Mun wuce rabin littafi na ɗaya.

Jiya muka kai su Gidan Nabame, wato gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, tun 1831, aka bar zama cikinta a 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Yawancin yaran kullum suna wucewa ta gabansa, ba su taɓa shiga ba. Dalilin zuwan shi ne kalmomin da suka tara: su ga kayan yaƙi da idonsu, masu da takubba da tambura. Sun gani, sun yi ta duba littattafan rubutunsu.

Can wani ƙarami ya nuna wani takobi ya ce ko na Sarki Abdurrahman ne. Nan Baba Malam ya tsayar da kowa. Ya ce Kanta mutum ne, ya yi zamani a ƙarni na 16, ya gina Surame, kufanta na nan har gobe ana zuwa gani. Abdurrahman kuwa da Musa da Waziri a kan Imam aka haife su, ba su da kushewa ko'ina. Yaron ya ce to aku fa? Baba ya ce aku akwai shi, yana kwaikwayon magana, amma ba a taɓa naɗa shi Waziri ba. Na so a ce masuncin nan na wurin, don amsar tambayarsa ta watan Oktoba ke nan, ta fi wadda muka ba shi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Zaman manya, don tsara abin da ya rage. Ana sa ran azumi zai kama a farkon Maris, don haka dole mu rufe littafi na ɗaya ranar Alhamis 27 ga Fabrairu. In aka riƙe dare biyu a kowane zama za mu kai. Cikin azumi babu zama, la'asar ta tafsiri ce da aikin buɗa-baki. Littafi na biyu sai bayan Ƙaramar Sallah.

Dokokin gasar, yadda aka amince. Gida biyu, na Waziri Aku da na Haziƙ, kuma da ƙuri'a za a raba, don in aka bar su kowa gidan Aku zai gudu. Kowane gida a haɗa manya da ƙanana, maza da mata, ko da yake tabarma daban. Labarin da akunsu ya faɗa a littafi shi za su karanta, su raba shi tsakaninsu, ba a yarda gwani ɗaya ya riƙa ɗauke wa gida duka ba. Alƙalai Inna da Baba Malam. Inna ba ta karatun boko, shi ya sa muka zaɓe ta: in ta ji labarin ta gane har ta yi dariya inda ya kamata, an karanta da kyau. Autanmu ya so a sa kyautar kuɗi, aka ƙi. Gidan da ya ci zai riƙe tsohon littafin Baba na mako guda.

Na uku an bar shi sai damina, amma an fara gaya wa yara tun yanzu kowa ya je wajen kakarsa ko gwaggonsa ya roƙo tatsuniya ɗaya ya adana. Inna ta ce kada wanda ya zo mata da rana.

Abin da bai warware ba shi ne masu gargada. Gasa za ta fito da su fili, kuma yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban 'yan mata ba lalle ya dawo ba. Malama ta ce za ta riƙa zama da su minti ashirin kafin a fara kowane zama daga wannan Alhamis, da shafin da za a karanta ranar, don su ji shi a bakin Baba bayan sun yi fama da shi da kansu. Za ta kawo sunayensu mako mai zuwa. Muna kuma bukatar ƙarin littafi na biyu guda huɗu, biyu ga kowane gida, don su riƙa zuwa da su gida cikin azumi. An yi karo-karo, kuɗin uku ya samu. Autanmu zai shiga Sakkwato ranar Laraba, an sake tuna masa ya bi lambobin shafi kafin ya biya.